Kachalla ta rufe hanyar jirgi, Baba ya koma sallah a zaune

Ɗan Masunta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Damuwa biyu na zo da su, amma a wurina abu ɗaya ne. Mahaifinmu masunci ne a wani ƙauye da ke gefen ruwan Marma, tsakanin Haɗeja da Nguru. Ya fi shekara 40 yana tuƙa jirgi. Ina yaro na sha ganin ya ɗaga kwandon kifi ya aza wa mutum a ka, yana yi yana ci gaba da hirarsa kamar ba abin da ya ɗauka. Yau shekara 6 ke nan da ya ajiye filafili. Ba gajiya ya yi ba, kachalla ce, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta rufe mashigin da suke bi. Jirgin yana nan kife a bayan gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Da na je hutun sallah sai na tarar yana sallah a zaune. Na ce Baba gwiwa ce? Ya ce gwiwa lafiya lau, in ya yi sujada ne tashin ke gagararsa sai ya dafa bango. An kai shi asibiti, an auna jini da suga, aka ce tsufa ne. Shekarunsa 68. To masana na cikinmu, me ya kawo ciyawar nan da iyayenmu ba su san ta haka ba? Kuma ƙarfin dattijo in ya tafi yana dawowa, ko mu haƙura?

Jauro: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Maman Sadiq: Amin. Ni dai shawarata ku bar bawan Allah ya huta. Ya yi nasa. Ku riƙa aika masa da abin cefane da madara, shi ke nan.

Malam Bukar: Allah ya ƙara masa lafiya. Ta fannin jiki akwai waɗanda suka fi ni a zauren nan, bari in taɓa na ruwan tunda shi nake karantarwa. Mutane da yawa suna ɗauka matsalar fadamar Haɗeja da Nguru ƙarancin ruwa ne. A gefenku na Marma ba haka ba ne, ruwan da ba ya tafiya ne matsalar. Da can kogin Haɗeja na damina ne. Ya cika ya malala cikin fadama wajen Agusta da Satumba, ya ja da baya sannu a hankali, rani na yi ya kusa ƙafewa. Wannan cika da janyewar ita ce rayuwar wurin. Kifi yana bin sabon ruwa ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su samu abinci da maɓoya. Ruwa na janyewa manomi ya bi danshi ya shuka, makiyayi ya biyo baya. A 1989 wani masani, Wolfgang Junk, da abokan aikinsa biyu suka rubuta bayani a kan haka, cewa a manyan kogunan da ke da fadama, bugun ambaliyar shekara-shekara shi ne ke tafiyar da komai. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, duka a saman kogin a jihar Kano, sai tsarin ya juye: ambaliyar damina ta ragu, da rani kuma ana sakin ruwa ba yankewa. Kachalla ba abin da take so irin ruwa marar zurfi da ke kwance shekara zagaye. Da can rani ne ke kashe ta. Yanzu babu ranin.

Abban Khalifa: Malam, da girmanka, amma kullum aka tashi magana sai a ce Tiga. Ni a Kura nake, ruwan Tiga nake noma da shi, shinkafa da tumatir da alkama. Mutanen birnin Kano ma da ruwan madatsun nan suke sha. Kuma ai lokacin da aka gina Tiga lokacin ne aka yi babban fari, na 1973 da na 1984. Me ya sa ba za a ce sauyin yanayi ba ne? Ko don dam ba ya da bakin rama magana?

Malam Bukar: Tambaya mai kyau, kuma ba na musun farin. Ya rage ruwan yankin gaba ɗaya. Amma duba abu biyu. Na farko, fari busar da wuri yake yi, kachalla kuwa a ruwa take tsira. In fari ne kaɗai, da ƙasa ta tsattsage za mu gani, ba dajin ciyawa da ya fi mutum tsawo ba. Na biyu, akwai inda aka maimaita abin a wata ƙasa. A kogin Senegal an gina madatsar Diama a 1986 don hana ruwan gishiri shigowa daga teku. Ruwa ya zama mai daɗi, ya tsaya a mataki ɗaya, cikin 'yan shekaru wannan ciyawar dai ta mamaye gefen Senegal da na Muritaniya. Ba su haɗa kogi da mu ba, abin da suka haɗa da mu shi ne ruwan da aka hana shi hawa da sauka.

Abban Khalifa: To a fasa dam ɗin ke nan mu koma cin gero?

Malam Bukar: Haba Alhaji, wa ya ce a fasa? Magana ce ta yadda ake sakin ruwan. Masu bincike sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa lokaci guda da damina don a kwaikwayi ambaliya, da rani kuma a tsuke a bar wasu hanyoyin su bushe. Tun farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokansa suka yi lissafin abin da fadamar ke bayarwa na noma da kifi da itace, suka kwatanta da na noman rani na sama. In aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadama ta fi riba nesa ba kusa ba. Ban ce gonarka ba ta da amfani ba. Cewa nake mutumin ƙasa ma yana da gona, sai dai tasa ba ta da siminti, shi ya sa ba a ganinta.

Abban Khalifa: Lissafin takarda ne wannan. Ku zo Kura da kaka ku ga tirela nawa ke fita.

Ɗan Masunta: Alhaji, mu ma da tirela ke fita da bandar kifi daga wajenmu. Ba faɗa nake ba wallahi, shinkafarku muke ci a Kano. Amma Malam ya faɗi abin da Baba ke faɗa da nasa harshen. Cewa yake ruwan yanzu ba ya numfashi.

Malam Bukar: Baba ya fi ni iya faɗa. Kuma maganar tasa gaskiya ce har a ma'auni. Kifi da iskar oksijin da ta narke cikin ruwa yake rayuwa. Ruwa mai sanyin digiri 20 yana iya riƙe kamar miligiram 9 a kowace lita, in ya kai digiri 30 sai ya koma wajen 7 da rabi. Wato ɗumamar yanayi kaɗai tana rage wa kifi iska. Sai ka ƙara da kachalla: ta tare iskar sama ba ta kaɗa ruwan, ta tare rana, ganyenta ya mutu ya nutse ya ruɓe, ruɓewar ta cinye sauran oksijin ɗin. In ka sa na'ura a tsakiyar kachalla da asuba, kafin rana ta fito, abin da za ka gani sai ya ba ka tsoro. Shi ya sa irin kifin ke canzawa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama, gaiwa kuwa huhu gare ta, tana iya shiga laka ta yi rani a ciki. Su ba ruwansu. Amma giwan ruwa da tsage, masu son fili da ruwa mai motsi, su ne ke fara ɓacewa. Ɗan Masunta, tambayi Baba rabonsa da giwan ruwa a mashiginku.

Ɗan Masunta: Ba sai na tambaya ba. Ƙannena na ƙarshe ba su san shi ba sai a kasuwa.

Ɗan Diffa: Sallama daga Nijar. Ina ta karantawa, ruwan naku ai shi ke zuwa mana. Haɗeja da Jama'are suka haɗu suka zama Komadugu, ta bi iyakarmu da ku har Tafkin Chadi, da ita muke noman tattasai. Abin da nake so Malam ya warware mini: kullum a rediyo ana cewa tafki ya ƙafe da kashi 90 cikin 100, yana gab da mutuwa. Mu kuma a nan Komadugu ta ci mana unguwanni a 2019, ta sake a 2022. Wanda ruwa ya kore shi daga gida ka ce masa ruwa ya ƙare, ai sai ya ɗauka ba'a kake masa.

Malam Bukar: Duka biyun da gaskiyarsu, shekarun ne aka cakuɗa. A 1963 tafkin ya kai kamar murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 ya raba shi biyu, kwarin arewa da na kudu, zuwa tsakiyar shekarun 1980 ruwan fili ya koma wajen 2,000. Daga nan aka samo kashi 90 ɗin, kuma hotunan tauraron ɗan'adam na lokacin ne har yau ake yawo da su. Amma wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya haɗa bayanan taurari na kusan shekara 20, ya nuna tafkin ba ci gaba da ƙanƙancewa yake ba. Kwarin kudu yana nan daram, ruwan ƙarƙashin ƙasa ma yana ƙaruwa. Wani ɓangare na ruwan ciyawa ce ta lulluɓe shi, hoto daga sama sai ya nuna kamar tudu ne. Kada a manta tafki ne marar zurfi ƙwarai, ƙaramin canji a ruwan kogunan Chari da Logone, waɗanda ke kawo kusan kashi 90 na ruwan da ke shiga, sai ya matsar da gaɓa kilomitoci. Abin da ya fi damun masunci da manomi yanzu shi ne rashin tabbas: bana ambaliya, baɗi shiru, ba ka san inda za ka kafa bukka ba. Kuma abin da na faɗa na canjin kifi, a can ma an rubuta shi dalla-dalla. Masu binciken Faransa da suka zauna a tafkin lokacin farin sun ga yadda kifayen fili suka ja baya, tarwaɗa da karfasa da gaiwa suka karɓe wuri.

Jauro: Babarbare in ya samu maganar tafki ba ya gajiya. Malam, bar mana kachallar nan, shanu na cin ta in tana ƙarama.

Malam Bukar: Jauro, in shanunku za su cinye ta ni zan biya kuɗin mota. Da gaske kuma, an gwada sarrafa ta ta zama abincin dabbobi da iskar girki a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, a Senegal kuma gawayi ake yi da ita. Sai dai saurin tsironta ya fi saurin masu yanka.

Shugaban Zaure: Jama'a, mun yi nisa a ruwa mun bar dattijo a zaune. Anti Binta, ke ce ta gashin ƙashi, muna jiran ki.

Mai Ƙwanji: Kafin Anti ta zo. Ɗan'uwa, kawo Baba Kano wata biyu, ka sa shi a gidan motsa jiki, ka saya masa garin furotin na gwangwani. Wallahi sai ka kasa gane shi.

Maman Sadiq: Inna lillahi. Dattijo mai shekara kusan 70 za ka kai cikin samari masu gajeren wando yana ɗaga ƙarfe? A ce ɗa yana birni yana cin albashi, uba yana nishi a ƙarƙashin ƙarfe? Ina kunyar take?

Anti Binta: Afuwan, ina wurin aiki ne. Ɗan Masunta, Allah ya ba Baba lafiya. Zan fara da Maman Sadiq, don abin da ta faɗa shi ne abin da kusan kowane gida ke yi, kuma da kyakkyawar niyya. Muna ganin hutu shi ne gatan da za mu yi wa iyaye. A ɗauke masa buta, a ɗauke masa tabarma, a hana shi zuwa gona. To tsoka ba ta san gata ba. In ba a nemi ƙarfinta ba, jiki sai ya ɗauka ba a bukatarta ya fara rage ta. Da ma daga shekara 30 zuwa sama tsoka na raguwa a hankali, bayan 60 abin ya ƙara sauri, zaman wuri ɗaya kuma ya ninka shi. An taɓa gwadawa a Amurka, aka wallafa a 2007: dattawa masu lafiya, 'yan shekara sittin da wani abu, aka kwantar da su a gado kwana 10 kacal. Kusan kilo 1 na tsokar ƙafa suka rasa. Kwana 10 fa. Baba shekara 6 ya yi. Wanda yake tsaye a jirgi yana tokara sanda, yana jan taru, yana tsugunawa yana miƙewa sau ɗari a yini, rana ɗaya aka ce zauna. Abin da ka gani a sallah shi ne sakamakon.

Amsar tambayarka ta biyu kuwa, e, yana dawowa. A 1990 wata likita, Maria Fiatarone, ta ɗauki tsofaffi 10 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, shekarunsu daga 86 zuwa 96, wasu da sanda suke tafiya. Aka sa su atisayen ƙafa da nauyi sau 3 a mako har mako 8. Tara da suka kammala, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici. Mutum 10 ba yawa ba ne, amma an yi ta maimaita irin gwajin da mutane masu yawa bayan nan, amsar ba ta canza ba. In ɗan shekara 90 ya samu, ɗan 68 da ya yi rayuwarsa a kan ruwa ai shi ne da abin.

Maman Sadiq: To Anti, na ji. Amma ba zai ji ciwo ba?

Anti Binta: Faɗuwa a banɗaki saboda ƙafa ba ƙarfi ta fi wannan haɗari, Hajiya. Karayar ƙugu a wannan shekarun ita ce abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 cewa ta yi kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, waɗanda suka haura 65 kuma su haɗa da na daidaita tsayuwa kwana 3 ko fiye. Ba ta ce sai a gidan motsa jiki ba.

Mai Ƙwanji: Amma Anti in ba nauyi mai nauyi ba ai wasa ne. Tsoka ba ta girma da jarkar ruwa.

Anti Binta: Kai da kake ɗaga kilo 100, jarka wasa ce a wurinka. Wanda tashi daga sujada ke gagara, jikinsa kaɗai ya ishe shi nauyi. Abin da ake nema shi ne tsoka ta gamu da abin da ya ɗan fi ƙarfin abin da ta saba, in ta saba a ƙara. Wannan ƙa'idar ma ta daɗe a asibiti, wani likitan sojan Amurka ne, Thomas DeLorme, ya tsara ta a 1945 don sojojin da suka dawo yaƙi da rauni. Kuma a Jami'ar McMaster ta Kanada an gwada, aka wallafa a 2012: samari suka yi atisaye da kashi 30 na iyakar abin da suke iya ɗagawa, aka kwatanta da kashi 80. Muddin an yi har tsokar ta gaji, girmanta kusan ɗaya ne. Inda mai nauyin ya fi shi ne ƙarfin ɗaga abu mai nauyi sau ɗaya. Baba ba gasa zai shiga ba.

Mai Ƙwanji: Na sallama rabi. Amma maganar furotin tana nan.

Anti Binta: Tana nan, gwangwanin ne babu. Dattijo yana bukatar kamar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kowane kilo na nauyinsa a yini. Ɗanyen kifi giram 100 yana da wajen giram 18 zuwa 20. Ga wake, ga ƙwai, ga nono, ga ƙuli-ƙuli. Kuma a nan ne maganar Malam Bukar ta shigo ɗakina: gidan masunci da kifi ne a miya safe da dare, yanzu na tabbata tuwo ne da miyar kuka, kifi sai an saya. Wato ruwan ya ɗauke masa aikin, ya ɗauke masa abincin. Sai dai gargaɗi ɗaya, Ɗan Masunta. Yankinku zuwa Gashuwa an san shi da yawan ciwon ƙoda. Kafin a ƙara masa furotin da yawa, a auna ƙodarsa. Kada kuma a riƙa ba shi magungunan ciwon jiki na kanti barkatai, suna taɓa ƙoda.

Ɗan Masunta: Wallahi Anti kamar kina gidanmu. To me zan ce a yi masa takamaimai? Ƙanena na gida zai tsaya a kai.

Anti Binta: Ku fara da awo. Kujera mai ƙarfi marar hannu, a jingina ta da bango. Ya zauna, ya rungume hannuwa a ƙirji, a ƙirga sau nawa zai miƙe tsaye sosai ya koma cikin daƙiƙa 30. A rubuta. Wannan tashi da zaman shi ne babban atisayen: sau 8 zuwa 10, ya huta minti 2, ya sake, zagaye 2 ko 3, kwana 3 a mako da hutun kwana a tsakani. In bai iya ba tare da hannu ba, ya dafa, ba laifi. In ya yi sauƙi, ya rungumi galan mai lita 4, lita ɗaya kilo ɗaya ce, kun ga ma'auni a hannunku. Daga baya a rage tsayin kujerar, a koma turmi, a koma kujerar tsuguno, da haka har a kai ƙasa. Sai ɗaga dunduniya yana dafe da bango, sai tura bango da hannuwa, sai ɗaukar galan biyu ya zagaya tsakar gida. Kada ya riƙe numfashi lokacin yunƙuri, yana harba hawan jini. In ya ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe, a tsaya a kai shi asibiti. Ciwon tsoka na kwana ɗaya biyu bayan farawa kuwa ba komai ba ne. Makonnin farko za ku ga ƙarfi ya ƙaru alhali cinyar ba ta canza ba, kada ku yi mamaki. Jijiyoyi ne ke sake koyon kiran tsokar, girman yana zuwa daga baya.

Bakabe: Ni duk wanga bayani ya yi, amma ku ba ku san masunta ba. Mutumin da ya yi kokawa da giwan ruwa za ka ce ya tashi ya zauna bisa kujera yaro na ƙirga mai? Ba ya yi. Ku dai gyara mai ruwa ya koma.

Anti Binta: Bakabe, ba ka yi ƙarya ba, shi ne abin da ya fi ba mu wahala a wurin aiki. Kada ku ce masa motsa jiki. Ku ce masa maganin tashi daga sujada ne.

Malam Bukar: Abin ya ba ni sha'awa. Fadama tana son cika da janyewa, tsoka tana son wahala da hutu. Duk wanda aka bari a mataki ɗaya sai ya lalace.

Abban Khalifa: Malam ya fara waƙa. Ko ta nan ma Tiga za a biyo.

Malam Bukar: Na janye, Alhaji, kafin a hana ni tumatir.

Jauro: Anti, na taɓa jin wai ƙarfin damƙar hannu yana nuna tsawon rai. Gaskiya ne? Don mu masu tatsa mun tsira ke nan.

Anti Binta: Rai na hannun Allah, Jauro. Abin da aka gani shi ne, a wani babban bincike da aka wallafa a 2015, mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa tana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin 100 na haɗarin mutuwa a tsawon lokacin da aka bi su. Alama ce ta lafiyar jiki gaba ɗaya, kamar yadda Malam ke sa na'ura a ruwa. Matsa ƙwallo da hannu kaɗai ba zai canza komai ba.

Ɗan Masunta: Jama'a na dawo da rahoto, yau mako 5. An auna ƙoda, lafiya lau alhamdulillahi. Ranar farko sau 5 ya tashi a daƙiƙa 30, har ya yi fushi ya ce agogon ƙanena ne ke gudu. Bakabe ya yi gaskiya, mako guda ya ƙi. Abin da ya karya shi, limamin garin ne ya zo gaishe shi, ƙanena ya faɗa masa, liman ya ce shi ma a gwada shi, ya yi 7. To fa. Yanzu bayan asuba yake yi, ya tura ƙofa kada jikoki su gani. Jiya ya yi 9, yana rungume da galan rabi. Sallar farilla har yanzu a zaune, amma raka'o'in asuba ya fara yi a tsaye kusa da bango. Malam Bukar, saura kai. Samarin garin sun sa ranar gayya za su buɗe mashigin. Da ma suna yanka, bayan wata biyu ta dawo kamar an zuba mata taki.

Malam Bukar: Masha Allah. Ta dawo ne don a saman ruwa suke yanka. Ganyen kachalla da kararenta kamar bututu suke, ta nan iska ke sauka zuwa saiwar da ke cikin laka. In ka yanke sama ka bar kututture a waje, aski ka yi mata. A yanke ta ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya ko fiye, yadda ruwa zai rufe bakin, saiwar ta rasa iska. Har busassun kararen a yanke, su ma suna kai iska. In ta sake leƙowa a koma a yanke kafin ta yi ƙarfi, sau biyu ko uku a jere, kuma a yi kafin ta fitar da kan nan mai kama da gero, don kai ɗaya iri dubun dubata ne. Abin da aka yanka a janye shi tudu, in aka bar shi a ruwa ruɓewa zai yi ya cinye iskar. Sannan ruwan kachalla gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ne. Duk wanda ya ga jini a fitsari bayan aikin ya je asibiti, maganinta yana nan.

Anti Binta: Alhamdulillahi, 5 zuwa 9 ba ƙaramin abu ba ne. Kada dai a bar shi ya shiga yankan nan tukuna, laka tana riƙe ƙafa. Ya zauna a gaɓa ya nuna musu inda tsohuwar hanyar take.

Ɗan Masunta: Ai shi ya zana musu ita a ƙasa da sanda. Ɗazu kuma ya kira ni, bai ko tsaya gaisuwa sosai ba, ya ce in aiko da kwalta da ƙusa, gindin jirgin ya tsage wuri biyu.

Maman Sadiq: To kajin fa, ina za su koma da ƙwai?